Karsanar Baffa Manu Aro Ce, Ba Kyauta Ba

Zuwa ga Yaya Hamidu, shugaban ƙungiyar ɗalibanmu na jami'a 'yan ƙasar Madawa da Buza da Keita, tare da ma'ajinsa da sauran 'yan biro masu jagorancin ƙungiyar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi muku barka da gajiyar tara gudummawa, da kuma gajiyar kashe ta, wadda na ga kamar ta fi zo muku da sauƙi.

Ni ne Sa'idu ɗan Ango Maƙeri, na garinku nan ƙasar Bangi, wanda ya sa maka kwaɗo cikin jakar littattafai shekarar da ka tafi kwaleji. Na faɗi da bakina don kada ka wahala wajen tuna wa mutane halina. Kowa ya san ni da tsokana, ban taɓa musu ba. Amma wagga takarda babu wasa cikinta.

Sau uku ina zuwa gidanku. Na farko anka ce kana barci. Na biyu anka ce kana taro. Na uku anka ce ka tafi Tawa, ga kuma takalmanka bakin ƙofa. Ban san ana zuwa Tawa ba takalmi ba, sai ranar. Shi ya sa na rubuta a fili. Lakwal, makarantar boko, ban shiga ba, allo na yi, don haka da ajami na rubuta, Malam Iliya na asibitin mishan ya juya mini ita boko, na kuma hana shi gyara ko kalma guda. Ɗaya za a liƙa a tasha, ɗaya a kara inda ake cinikin shanu, ɗaya a ƙofarka.

Ga maganar a taƙaice, don wanda ke tsaye yana karantawa cikin rana. Ƙungiyarku ta sayar da karsanar da ba tata ba. Saura kwana biyar kasuwar Madawa ta ci. Ranar, da an yi azahar, za a loda ta cikin kamyo, babbar motar kaya, a ƙetare da ita Najeriya, kuma daga nan babu mai sake ganin ta.

Na ɗaya. Yadda na shiga aikinku.

Ƙarshen hutun nan, da hatsi ya fara nuna, kai da kanka ka zo maƙerarmu. Ka ce bursu, kuɗin da gwamnati ke ba ku na abinci, wata da watanni ba ta fito ba. Ka ce tun da anka karya darajar sefa, ɗalibi a Yamai in ya ci da rana ya gama cin ranar. Ka ce akwai waɗanda ko kuɗin motar komawa ba su da shi. Ka ce kun yi magana a kasuwar Bangi da irin Hausarku mai gauraye da Faransanci, mutane sunka saurara, sunka ce Allah sarki, sunka wuce. Ka ce kuna son mai baki.

Na yarda, don na ji tausayi, don kuma ina son yawo. Na bi kasuwanni, Bangi, Tamaske, Garhanga, ina kwaikwayon ɗalibi mai yunwa yana karatu da cikinsa na kuka, mutane na dariya suna kwance bakin zane. Tsofaffi mata sunka ba da tiyar wake. Manoma sunka ba da damman hatsi. Wata makauniya a Tamaske ta ba da kazarta guda ɗaya tal, ta ce a gaya wa ɗiyanmu su yi karatun likitan ido. Ladana riga ɗaya ce mai sunan ƙungiya, ita ma ta yi mini kaɗan. Ban yi da-na-sani ba kan ko ɗaya cikin wannan.

Na biyu. Inda karsanar ta fito.

Baffa Manu Bafillace ne, ni ɗan maƙera. Ka san wasan da ke tsakanin Fillani da maƙera, tun kaka da kakanni. Tun ina rarrafe yake kirana mai baƙin hanci, ni kuma ina ce masa wanda ya fi son maraƙi da ɗansa. Kowace kaka, in sun dawo daga arewa, a gonarmu shanunsa ke kwana, su ci kara su bar mana taki. Babana ke yi masa gatari da wuƙa, ba a taɓa yin ciniki ba.

Na je rugarsa don in tsokane shi kawai. Na ce ga makauniya ta ba da kaza, bari mu ga abin da sarkin rowa zai ba da. Sai ya tambaye ni mi ake nufi da bursu. Na ce masa kamar saniya ce da ɗalibai ke tatsa kowane wata, yanzu ta ƙafe. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Sai ya ce ya san wannan ciwon. Ya ce shekarar babban fari, yana saurayi, shanun babansa sunka ƙare ƙaf, har igiyoyin sunka zama abin kallo. Wani mutum da ba danginsu ba ya ɗaure masa karsana guda. Duk abin da nake gani cikin garkensa yau, in ji shi, daga cikin wannan karsanar ya fito.

Ya ce shi ba zai ba da kuɗi ba, don kuɗi kafin ku isa Ƙonni kun fara cin su. Habbanaye zai ɗaure muku.

Bari in faɗi mi ke nan, tun da ga alama karatu ya ɗauke muku shi. Habbanaye aron saniya ne ga wanda ya rasa. Ka riƙe ta, ka sha nononta, ta haihu sau uku, maruƙan duka naka ne, sannan ka mai da uwar ga mai ita. In ta mutu da ajalinta, babu biya, babu ƙorafi. Amma ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ko sanda ba a ɗaga mata. Bafillace zai kwana da yunwa da habbanaye ɗaure ƙofarsa bai taɓa tunanin kasuwa ba. Kuma ba a zaɓar marar kyau. Baffa Manu ya shiga garke ya fito da Wule, ja mai farin goshi, jikar waccan karsanar da ta ceci gidansu, ga ta da cikin fari. Ya ce a ajiye ta gidan babanka. Ya ce ta haka kowace shekara ƙungiya za ta sami maraƙi, ku daina bin kasuwa kuna roƙo.

Na uku. Ranar da anka miƙa ta, da laifin da ke kaina.

A nan zan faɗi nawa, don kada a ce na ɓoye. Ranar taron rufe gudummawa, ƙarƙashin gawon bakin kasuwa, ni na jawo Wule. Kafin nan na lanƙwasa waya a maƙera na yi mata tabarau irin naka. Na rataya mata kwali a wuya. Na shigo fili ina shela cewa ga sabuwar ɗaliba ta zo rubuta suna, tana tambaya ko an biya bursu. Fili ya kece da dariya. Kai kanka sai da ka cire tabarau kana share hawaye.

Cikin wannan dariyar Baffa Manu ya kama igiyarta, ya ɗora hannu bisa bayanta, ya faɗi sharaɗinsa da Hausa, a hankali, irin maganarsu da ba ta tashi sama. Na ga hayaniya ta yi yawa, sai na maimaita da ƙarfi. Sau uku na faɗa: habbanaye ce, aro ce, ba ta sayarwa ba ce. Kana dariya ka ce to, to, mun ji, mun gode. Sannan ka miƙa hannu ka karɓi igiya daga hannunsa. A wurinsu, wanda ya karɓi igiya ya karɓi amana, ba sai an buga tambari ba.

Na sani, da ban sa mata tabarau ba, da wataƙila kun saurara da kunnen kirki. Wannan nawa ne, kuma kwana nawa ke nan ina juya shi cikin raina. Amma, Yaya Hamidu, ba a Yamai anka haife ka ba. Lokacin da mahaifiyarka ta yi ciwon nono kana jariri, akuyar da kakarka Inna Hajo ta shayar da kai da ita aro ce daga wata ruga, kuma da ta haihu uku anka mai da ta har da goro. Duk tsofaffin unguwarmu sun sani. In ma'ajinka ɗan birni ne bai san habbanaye ba, kai da nononta ka tashi.

Shaidu suna nan da ransu. Babana yana wurin. Malam Iliya yana wurin, ya zo kawo abin da ma'aikatan asibiti sunka haɗa muku. Shi ne daga baya ya ga kayen ma'aji, littafin da kuke rubuta abin da anka ba ku. Ya ce an rubuta Wule a ƙarƙashin kaji da wake: saniya guda. Ko sunan mai ita babu.

Na huɗu. Abin da kunka yi.

Kwana tara bayan taron, ina Garhanga ina kwaso muku sauran damman da anka yi alkawari, ma'ajinka ya haɗa Wule da kaji da raguna biyu ya kai kasuwar Madawa. Wani Alhaji mai fataucin shanu ya saye ta jika sittin da biyar na sefa. Ba wanda ya aiko wa babana, ba wanda ya aika ruga, ga ta nan tafiyar rabin sa'a.

Ka san yadda na ji labari? Matan ruga masu tallan nono, waɗanda kullum sai sun tsaya ƙofarmu sun zage ni na rama, sunka wuce gidanmu da ƙoransu a ka, ba wadda ta waiwayo.

Da la'asar Baffa Manu ya zo maƙera. Ya yi sallama cikakkiya. Ya gaida babana gaisuwar baƙo, ina gajiya, ina iyali, ina aiki, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Ya nemi gatarinsa da ya kawo gyara. Babana ya ce ba a gama ba. Ya ce ba komi, a ba shi haka nan. Sannan ya juyo ya dube ni ya ce mini Malam Sa'idu. Shekarata ashirin da biyu, bai taɓa kirana da sunana ba. Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Washegari da safe gonarmu babu ko saniya guda, sai turaku da toka.

Bai kai ƙara wurin mai gari ba. Ba zai je jandarma ba, ba halinsu ba ne. Na bi shi inda ya koma, na durƙusa, na ce za a biya shi kuɗinta. Ya ce shi bai sayar ba, mi za a biya shi? Na ce a nemo masa wata karsana wadda ta fi ta. Ya ce in an ɗauke mini uwata, aka kawo mini wata mace da ta fi ta tsawo, zan karɓa? Daga nan ya ci gaba da tufkar igiyarsa kamar ba na wurin.

Na biyar. Abin da ka faɗa a kaina.

A tasha, gaban masu shayi da 'yan kamasho, da anka tambaye ka, ka ce kai ba ka ji an yi maganar aro ba. Ka ce ai kun san Sa'idu, wata tsokanarsa ce, shi ya yaudari tsoho ya kawo saniya. Kuma mutane sun yarda, don ina da tarihi. Ni ne na taɓa gaya wa unguwarmu ana rabon sukari a Buza, sunka tafi da buhuna sunka dawo da ƙafa kumbure. Ni ne na ɗaure wutsiyar jakin ladan da ta jakin mai kanwa. Na yi, an duke ni, an yi dariya, ya wuce. Amma ka tambayi duk wanda na taɓa tsokana, ko akwai wanda ya wayi gari abinsa ya salwanta ta dalilina. Wasan maƙeri da Bafillace yana tafiya ne don kowa ya san ɗayan ba zai cuce shi ba. Da wannan yardar Baffa Manu ya saki igiya. Kai kuma ka ɗauki sunan da na yi na mai wasa ka rufe kuskurenku da shi, don ka san duk abin da na faɗa yanzu dariya za a yi.

Da maganarka ta kai fada, mai gari ya kira babana. Mutumin da bai taɓa tsugunawa a fada kan wata magana ba, ya tsuguna. Da ya dawo bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Abu guda ya ce: in Wule ta ƙetare iyaka, kada in sake taɓa masa zugazugi. Tun ranar muna aiki wuri guda, ƙarar guduma kawai ke tsakaninmu.

Na shida. Ana iya gyarawa, kuma kun san ana iyawa.

Na je Madawa na sami garken Alhajin. Wule tana ɗaure gefe guda, ta ƙi cin dusa, ƙashin bayanta ya fara fitowa. Da na yi masa bayani ya yi dariya, ya ce ba kai ne mai sa wa saniya tabarau ba? Sai da na koma da Malam Iliya ranar hutunsa, ya bar barcinsa ya hau bayan mota da ni, sannan Alhaji ya saurara. Mutumin kirki ne, shi ma ya ce da ya san habbanaye ce da ko kyauta ba ya karɓa. Ya ce a mai da masa kuɗinsa, a ɗora jika biyar na abincin da ta ci, kafin azahar ran kasuwa. Ya riga ya biya kuɗin kamyo, ba zai iya jira fiye da haka ba.

Ba na cewa kun ci kuɗin jama'a. Na san an biya wa waɗanda ba su da hali kuɗin mota. Na san an saya wa ɗalibar nan ta Keita magani, kuma na ji daɗi. Amma na ga lasifika na haya, na ga injin wuta, na ga akwatunan lemu da anka jera wa manyan baƙi waɗanda ko dala ba su ba da ba. Abin da ya rage cikin akwatin ma'aji ban sani ba, ba zan ƙirƙira ba. Abin da na sani shi ne damman hatsi da buhunan wake da ke cikin rumbun babanka, don a kafaɗata sunka shiga. In anka fitar da su kasuwar Bangi, za su kawo abin da ake nema. Ni na sayar da rediyona, na haɗa da kuɗin laujen da na ƙera, jika takwas. Malam Iliya ya ƙara uku. Suna hannunsa.

Na san mi za ka ce. Za ka ce hatsin nan abincin ɗalibai ne, in an sayar da shi da mi za ku koma Yamai? Gaskiya ne, za ku koma da kaɗan, kuma za ku ji a jikinku. Ban raina yunwarku ba, ni na yi ta shelarta kasuwa kasuwa. Amma labarin nan ya riga ya bi rugage har Tamaske. Bursu ba ta ce baɗi za ta fito ba. In kun dawo da kwanonku, wa zai kwance bakin zanensa? Wa zai yi muku shela? Ni dai in na buɗe baki, cewa za a yi ga wanda ya sayar da saniyar tsoho.

Don haka ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ka zo kara da kanka ran kasuwar Madawa, kafin azahar, da kuɗin Alhaji. Kada ka aiko ma'aji. Hannunka ya karɓi igiyar.

Ka jawo ta da ƙafa har ruga, ka yi sallama, ka miƙa wa Baffa Manu. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, ba ya so. In ya ga dama ya sake ɗaure muku ita, in bai ga dama ba tasa ce.

Ka koma tashar nan, gaban masu shayin nan, ka ce Sa'idu ya faɗa, sau uku ya faɗa, ku ne ba ku saurara ba. Ba don ni kaɗai ba, don tsohon da ya tsuguna a fada.

Kuma duk ran da za ku sake tara gudummawa, ku zaunar da wani dattijo kusa da mai rubutu, wanda zai tambayi kowa abin da ya kawo kyauta ne ko aro, kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Allah ya sa bursunku ta fito. Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya fid da likitoci da alƙalai cikinku, waɗanda in talaka ya yi magana a hankali za su ji. Allah ya ƙara wa mahaifanka lafiya, ya jiƙan Inna Hajo. Allah ya sauke Wule lafiya a garken da anka haife ta.

Ni ran kasuwa tun da safe ina kara, kusa da ita. In ka zo, za mu jawo ta tare, ni a gaba kai a baya, ba zan ce maka komi a hanya ba. In azahar ta yi ba ka zo ba, na riga na roƙi Alhaji ya ɗauke ni cikin masu kula da shanu a bayan kamyo, ya kuma yarda. Ba ni da fuskar da zan koma da ita maƙera, ba ni da wadda zan kai ruga. Sai ka taimaka ka gaya wa babana inda na yi, tun da kai ana jin maganarka.

Wassalam.

Naka ƙane,
Sa'idu ɗan Ango Maƙeri,
ƙasar Bangi.